Kati Na Goma Sha Bakwai

Manaja bai ce ta zauna ba. Katunan shawara na baje a kan teburinsa, guda arba'in da uku, ya jera su sahu-sahu kamar mai shanya. Guda ɗaya ya ware gefe, ya danne shi da kofin shayi. Tun daga bakin ƙofa ta gane su, don babu ko ɗaya da ba ita ta rubuta ba.

"Rubutun wa ke nan?" ya tambaya.

"Nawa ne, Yallaɓai."

"Wannan fa?"

"Shi ma nawa ne."

"Madalla. Ma'aikata ɗari da ashirin gare mu a ƙasa, ashe duk hannu ɗaya Allah ya ba su."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma ba don a yi dariya ya faɗa ba.

Wata biyar ke nan da ɗaukarta aiki a wannan kamfanin sabulu, saura wata guda a tabbatar da ita. Ta zo da digirinta da tabarau da takalmi mai tsini, da bakin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ba ta yi mako ba mutanen ƙasa, masu tsayuwa a bakin inji, suka laƙaba mata 'Yar Boko. Sunan bai dame ta ba ko kaɗan. Bokon ta yi, kuma ba wanda ya rubuta mata jarrabawa. Da sabon Darakta ya zo da tsarinsa na jin ra'ayin ma'aikata, ita aka danƙa wa aikin: akwatin katako mai kwaɗo, da katuna, da manyan takardun bango masu cewa kowa na da abin faɗa, kuma ba sai ka sa suna ba.

Mako uku akwatin na rataye kusa da famfon wanke hannu. Abin da ta kwasa a ciki ledar alewa biyu ce, da kati guda da wani ya zana jaki sanye da tabarau.

Gwaggo ce ta fayyace mata. Ita ce shugabar layi na uku, inda ake naɗe sabulu a takarda, kuma kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shekararta goma sha tara a kamfanin, saura guda ta ajiye aiki da cikakken haƙƙinta.

"'Yar nan, ba ra'ayi muka rasa ba," in ji Gwaggo. "An taɓa kawo irin akwatin nan. Wani bawan Allah ya rubuta cewa fankar sito ta mutu, ba suna ba komai. Suka ɗauko takardarsa ta neman hutu suka gwada rubutu. Wata bai ƙare ba aka sallame shi."

"To ku faɗa mini ni in rubuta," ta ce. "Hannuna za su gani. Suna kuwa, ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zai fita daga bakina ba."

A lokacin hutun rana ta faɗa, a gaban mutum kusan ashirin, kuma da ƙarfi ta faɗa. Cikin mako biyu katuna suka taru. A matsar da sikeli kusa da ƙofar sito. A shimfiɗa roba a inda ake tsayuwa. A daina jibge kwali a bayan tukunyar dafa sabulu. Ta haura da su sama tana jin kanta kamar wadda ta ciwo gasa.

Manaja ya ɗaga kofin, ya zaro katin da ya danne.

"Na goma sha bakwai," ya ce, ya karanta a hankali. "Da rana sabulu kan yi laushi, takarda ta riƙa yagewa. Idan aka rage gudun injin naɗi daga bakwai zuwa biyar, tsakanin sha biyu da uku, ba ta yagewa. An gwada wannan shekara biyu a layi na uku." Ya ɗago. "An gwada. Wa ya gwada?"

Maɓallin gudu a cikin akwatin wutar inji yake, akwatin kuwa a kulle. Tun da wuta ta taɓa jan wani ma'aikaci aka kafa doka: Injiniya kaɗai ke buɗewa, duk wanda ya buɗe kuwa kora ce, ba gargaɗi, kuma hannu rabbana zai fita. Shi kuma gudun bakwai, Manaja ne da kansa ya kafa shi, yana alfahari da shi a kowane taro.

"Hanya biyu ce," ya ce. "Ko dai ke kika zauna a ofis kika ƙirƙiro katunan nan duka don ki burge Darakta, wannan zamba ce, kuma ba ma tabbatar da mai zamba. Ko kuma akwai mutane a bayansu, ki ba ni sunan mai wannan. Gobe ƙarfe goma Darakta zai zauna. Je ki."

Ta sauko matakala tana jin ƙarar takalminta kamar ba nata ba. Abin da Manaja bai sani ba shi ne ya fi cinta. Ranar da Gwaggo ta ba ta wannan shawarar, a bayan tarin kwali, cewa ta yi, "Ki ce dai a gwada, kada ki ƙara komai." Ita kuwa da ta zauna a teburinta ta duba katin, sai ta ga ya yi rama. Shekara huɗu ana koya mata cewa maganar da ba hujja iska ce. Sai ta ɗauki biro ta ƙara layin ƙarshe, har tana jin daɗin yadda ya zauna.

A ƙasa injuna na ta ruri, ƙamshin turaren sabulu ya cakuɗe da ƙaurin soda. Labari ya riga ta sauka. Dogo, direban motar ɗaga kaya, ya taka birki a gabanta.

"'Yar Boko! An ce gobe akwai kiran suna a sama. Don Allah in an zo kaina ki ce ban zo makaranta ba."

Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Ta wuce shi kai a sama. Gwaggo na bakin injinta, idonta a kan sabulun da ke wucewa. Da ta hango ta, sai ta yafito wata ta tsaya mata, ta yi gaba zuwa bayan kwalayen.

"Me na ce ki rubuta?"

"A gwada."

"Me kika rubuta?"

Tun tana ƙarama ba ta iya ba da haƙuri ba, kalmar maƙale mata take yi. "Na ƙara cewa an gwada shekara biyu. Gani na yi in ba hujja ba za su karanta ba. Laifina ne, Gwaggo."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Da zagi ta yi da ya fi sauƙi.

"Mu tara ne ke juyi a layin nan, safe da rana da yamma," ta ce. "Ba zai iya korar mu duka ba, sabulu ba ya naɗe kansa. Mutum guda yake so. Ni na lanƙwasa wutsiyar cokalin da ke buɗe kwaɗon, ni ke juya maɓallin. Mijina shekara shida yana kwance. Shi ke nan labarina."

"Ba zan faɗa ba."

"Haka kika ce rannan."

"Haka nake cewa yau."

"'Yar nan, shekara goma sha tara ina ganin masu irin takalminki. Kowannensu mutumin kirki ne, har ranar da aka rufe ƙofa da shi a sama." Ta gyara ɗankwalinta. "In kin faɗa, ki aiko mini tun kafin masu gadi su zo. Ina so in fita da ƙafata."

Wannan maganar ta fi ta Manaja zafi. Ta tsaya nan bayan kwali har sai da idonta ya daina yaji, sannan ta fito.

Da yamma ta tarar da Umma a kan keken ɗinki, bakinta cike da allurai. Ta zayyana mata komai a tsaye, jaka a kafaɗa. Umma ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke su a jikin matashi.

"Shekara biyu kina yawo da takardu ofis-ofis kafin ki samu wannan. Kin manta?"

"Ban manta ba, Umma."

"Matar nan, uwarki ce?"

"A'a."

"Ƙanwar ubanki ce?"

"A'a."

"To wa ya aike ki? Ke kullum sai kin fi kowa. A makaranta haka, a gida haka. An ce ki tattara takarda, kin tafi kin ɗauko rantsuwa."

"Umma, ita ta ce kada in ƙara komai. Ni na ƙara."

Ƙafar Umma ta tsaya a kan keken. Ta dubi 'yarta sama da ƙasa, ta ja dogon numfashi, ta nuna dutsen guga da haɓa.

"To ki goge farar rigar nan. In korarki za su yi, kada su kore ki a yamutse."

Ɗakin taron dogo ne, na'urar sanyaya ɗaki ta mai da shi kamar cikin randa. Darakta na can ƙarshen tebur, mutum mai sanyin murya da furfura a gefen kunne. Manaja na damarsa. Injiniya na hagu da rigar aikinsa mai tabon baƙin mai, yana ta juya biro kamar wanda aka taso daga wani aikin da ya fi wannan. Ita aka ba ta kujerar da ke fuskantar taga, rana na dukan idonta.

"Ke kika ƙirƙiro katunan nan?" Darakta ya tambaya.

"A'a, ranka ya daɗe. Hannuna ne, amma ba kaina ba ne."

"Kowa ma haka zai ce," in ji Manaja.

Injiniya ya ajiye biro. "Bari in tambaye ta. Malama, in kin buɗe akwatin, maɓallin gudu na sama ne ko na ƙasa?"

"Ban sani ba."

"Dama ake juya shi ko hagu?"

"Ban taɓa ganin cikinsa ba."

"Me ya sa biyar? Me ya sa ba shida ba?"

Tunda take, ba ta taɓa cewa ban sani ba sau uku a jere ba. "Ban sani ba," ta ce.

Injiniya ya juya ga Darakta. "Wannan ko sukurdireba ba ta taɓa riƙewa ba. Wanda ya faɗi maganar nan ya san inji kamar tafin hannunsa. Na duba jiya: duk layukanmu da rana suke ɓarnar takarda, ban da na uku. Ni kaina na daɗe ina mamaki. Gaskiya ce a katin."

Manaja ya sha mur. "Ka ga ke nan an buɗe akwatin. Shekara biyu ana wasa da wuta a bayan idonmu."

Darakta ya haɗa yatsunsa ya dube ta, murya ƙasa-ƙasa. "Kin fita daga zargin zamba, na taya ki murna. Aikinki ya yi kyau. Yau ɗin nan zan iya sa hannu a takardar tabbatar da ke. Abin da ya rage kaɗan ne. Muna so mu san mutumin, wataƙila ma mu yi masa godiya."

"A rubuta cewa ba za a kore shi ba, ranka ya daɗe, ka sa hannu. Sai in je in tambaye shi ko ya yarda."

"Doka ce. Ba zan iya rubuta abin da ya saɓa mata ba."

"Takardun da ke bango fa? Sa hannunka ne a ƙasansu. Ni na manna su."

Injiniya ya sunkuyar da kai yana kallon farcensa. Darakta bai ɗaga murya ba, amma sanyin ya fita daga cikinta.

"Takardar cewa ta yi ba sai an sa suna a shawara ba. Ba ta ce a ɓoye wanda zai iya kashe kansa ya kashe wani ba. Kin taɓa ganin wanda wuta ta ja?"

"Ban taɓa ba."

"Ni na gani."

Ta san gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya ƙara mata nauyi. Ta ga takardar tabbatarwar a cikin fayil ɗin da ke gabansa, har gefenta ya leƙo.

"A canza kwaɗon, ranka ya daɗe," ta ce. "A sa Injiniya ya riƙa ragewa da kansa. Ba wanda zai sake taɓawa. Amma suna, ina da shi, kuma ba zan faɗa ba."

"Ba sai ta faɗa ba," in ji Manaja. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware. "Mutum tara ne a layi na uku. Malama, dube ni."

Ya fara karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya. Bayan kowanne sai ya tsaya, ya kafe ta da ido. Nan take ta gane abin da yake nema: ƙiftawar ido, motsin leɓe, numfashin da ya sauya. Ta zaɓi maɓallin rigarsa na biyu ta zuba masa ido. Ta shiga ƙirga numfashinta, huɗu ciki, huɗu waje. Na ɗaya ya wuce. Na biyu. Na uku. A na huɗu ya daɗe da gangan, har agogon bango ya cika ɗakin da ƙara. Na biyar. Ta san Gwaggo ce ta shida, don jerin shekarun aiki yake bi daga ƙasa, sai dai ya tsallake ya karanta wani. Zuciyarta ta buga, ta riƙe. Na bakwai. A na takwas sai ya faɗi sunan Gwaggo, cikakke, har da na mahaifinta.

Huɗu ciki. Huɗu waje. Gumi ya gangaro ta bayan kunnenta ya shige wuyan farar rigar. Ba ta share ba. Maɓallin na biyu zarensa ya fara kwancewa, ta ce a ranta da Umma ce da tuni ta ɗinke shi.

Ya karanta na tara. Ya ninke takardar, ya jefa a kan tebur.

Darakta ya rufe fayil ɗin. "Ba zan tabbatar da wadda ke ɓoye mini abu ba. Ba zan kuma kori wadda ta kawo mini gaskiya ba. An ƙara miki wata uku na gwaji. Manaja, nema mata wuri."

"Tunda ta fi son mutanen ƙasa," in ji Manaja, "akwai gurbin mai cika kwali a layi na uku. Duk ranar da ta tuna sunan, kujerarta na nan." Ya yi murmushi. Ta karanta a fuskarsa cewa kwana uku ya ba ta ta kawo takardar barin aiki.

Ranar Litinin ta zo da takalmin roba. Aka ba ta shuɗiyar riga da ta yi mata yawa da hular raga. Aikin ba wuya a baki: ka buɗe kwali, ka ninke gindinsa, ka jera sabulu saba'in da biyu, ka rufe, ka tura. Awa takwas a tsaye. Kafin hutun rana gefen kwali ya tsattsaga mata yatsu, soda ta shiga tsagar tana ci kamar barkono. Da yamma ƙafafunta suka kumbura har sai da Umma ta dafa ruwa ta gasa mata, tana gasawa tana faɗa.

Ba wanda ya yi mata magana. Wasu cewa suke tarko ne, an turo ta ta saurara. Ko Dogo ya daina tsokanarta, sai dai ya danna ham ya wuce. An canza kwaɗon akwatin. Kullum ƙarfe sha biyu Injiniya kan sauko da mabuɗinsa ya rage gudun kowane layi zuwa biyar. A allon sanarwa aka manna takarda mai yaba wa ofishin Manaja bisa sabon tsarin da ya rage ɓarna. Ta karanta ta sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, ta koma bakin kwalinta. Gwaggo na nan taku biyar daga gare ta, kullum, ba ta ko waiwayo.

A mako na uku Manaja ya sauko da kansa. Ya tsaya a gabanta da farar takarda da biro, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji duk da rurin inji.

"Malama mai digiri. Dubi hannunki. Kalma biyu ce kawai, ki koma inda ake zama a kujera."

Hannaye suka ci gaba da aiki, amma duk kunnuwa na wurin. Ta ga bayan Gwaggo ya sandare. Sabulu na ta zuwa a kan bel ɗin inji, yana taruwa a gabanta, ɗaya ya faɗo ƙasa.

"Yallaɓai," ta ce, "ka tsaya mini a hanyar kwali."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Ta miƙa hannu ta gefen ƙafarsa ta jawo kwali, dole ya ja da baya. Ta buɗe, ta ninke, ta shiga jerawa. Ya ƙara minti guda a wurin, sannan ya cusa takardar a aljihu ya nufi matakala.

Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace Gwaggo ta yafito wata ta tsaya mata. Ta tako taku biyar ɗin nan, ta kama hannun yarinyar ba tambaya, ta juya shi ta duba tsagar yatsun, ta yi tsaki.

"Wa ya koya miki kama kwali ta baki? Mako uku ina kallonki kina yanka kanki kamar mai gaba da yatsunta."

"Ba wanda ya koya mini, Gwaggo."

"Ai na gani. Matsa." Ta ɗauki kwali, ta dafe shi da tafin hannu, ta tura kusurwa da gindin babban yatsa, ya ninku da kansa. "Da tafi ake yi. Yatsa na jeri ne. Yi in gani."

Ta yi. Ya karkace.

"Sake."

Ta ɗauko wani.